Ciwon asma: yadda ake shaƙar magani har ya kai huhu

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamadar Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta daga Njamena zuwa Garwa, Maraɗi, har Kumasi. Ga masu ciwon asma, wanda wasu ke kira fuka, lokaci ne na tarin dare, shessheƙa da nauyin ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma ta kashe kimanin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Cutar ba ta warkewa gaba ɗaya, amma ana iya shawo kanta har mutum ya yi noma, kasuwanci ko karatu ba tare da ta dame shi ba.

Abin da ke faruwa a ƙirji

Hanyoyin iska na mai asma a kumbure suke ko da yana jin lafiya lau. Da zarar ƙura, sanyi, mura, hayaƙin itace, turaren wuta, taba ko maganin sauro mai hayaƙi sun taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta taru, iska ta rasa hanya. Matsala biyu ke nan, kumburi da matsewa, shi ya sa maganin ma iri biyu ne.

Na farko mai buɗe hanya ne, wato salbutamol, wanda galibi ke zuwa a shuɗin famfo. Cikin ƴan mintuna yake kawo sauƙi, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu na rigakafi ne, irin su beclometasone da budesonide, wanda ke kwantar da kumburin sannu a hankali idan ana shaƙarsa yadda likita ya tsara, ko da ba a jin komai. Tun 2019 ƙwararrun shirin GINA, masu fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, suka daina ba manya da matasa shawarar dogaro da shuɗin famfo shi kaɗai. Duk wanda ke buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, ko yake ƙarar da gwangwani uku a shekara, ciwonsa bai kwanta ba. Ya koma wajen likita.

A gidaje da dama ana tsoron cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya dainawa ba, don haka a fi son ƙwaya ko na ruwa. Maganin shaƙa ba ya kama jiki kamar kayan maye. Hasali ma kai tsaye yake zuwa huhu, shi ya sa kaɗan ke wadatarwa, illarsa kuma ba ta kai ta ƙwaya ba.

Yadda ake shaƙa

Sau da yawa ana cewa magani ba ya aiki, alhali a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Ga yadda ake yi:

1. A zauna ko a tsaya a miƙe, a cire murfi, a girgiza famfon.
2. A fitar da numfashi a hankali, ba cikin famfon ba.
3. A sa bakin famfon tsakanin haƙora, a rufe leɓɓa ruf.
4. A fara jan numfashi sannu, a danna sau ɗaya, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika.
5. A riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, sannan a saki.
6. In za a ƙara, a jira daƙiƙa 30 zuwa 60, a sake girgizawa.

Bayan maganin rigakafi a kurkure baki a tofar, don kauce wa farin ƙurji a baki da dushewar murya.

Yara da tsofaffi kan kasa haɗa dannawa da jan numfashi lokaci guda. Domin su ne aka yi wata gora da ake sawa tsakanin famfo da baki, maganin ya taru a ciki a shaƙe shi a natse. Inda babu ta, robar ruwa mai tsabta mai cin mililita 500 tana maye gurbinta: a huda gindinta daidai bakin famfon, a toshe duk wata kafa, a shaƙa ta bakin robar. Wani bincike da aka yi kan yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 1999, ya nuna tana aiki kamar ta kanti. Dannawa ɗaya, numfashi huɗu zuwa shida, sannan a ƙara.

Ga masu tsallaka iyaka

Sunan magani kan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da ake kira Ventoline a Yamai da Yawunde shi ne Ventolin a Kano da Akara, wasu kamfanoni kuma sukan sauya launin famfo. Don haka a riƙe sunan sinadarin, a ɗauki hoton kwalin a waya, a saya a kantin magani mai rajista maimakon hannun ƴan talla. Gwangwanin Ventoline na ɗauke da dannawa 200, kuma yakan ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare, saboda haka a rubuta ranar da aka fara shi. A ajiye shi a aljihu, kada a bar shi a rana ko cikin kayan da aka ɗaure saman mota.

Idan ciwon ya tashi

A zaunar da mara lafiya a miƙe, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗin famfo, dannawa ɗaya kowane daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi, a garzaya da shi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. Ko ya ji sauƙi a gida, ya ga likita cikin kwana biyu, ya tafi da famfonsa ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya domin a gyara masa inda yake kuskure.