Sakkwato da Wurno: Inda Daula Ta Bar Alamunta

Manyan biranen duniya kan yi tinƙaho da gumakan jarumai a tsakiyar shataletale. Hedkwatar Daular Usmaniyya ba ta bar irin wannan ba, domin malaman da suka kafa ta ba su yarda da sassaƙa surar mutum ba. Abin da suka bari masallatai ne, da littattafai, da hubbare.

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, birnin Gobir. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a nan a 1817, makwancinsa kuma shi ne Hubbaren Shehu da jama'a ke zuwa ziyara har daga Nijar. Ba nisa da wurin akwai Masallacin Shehu, da na Bello, da fadar Sarkin Musulmi. Mai son rubutun hannu na da sai ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Sai dai wanda ya tsaya iya nan ya ji rabin labari ne. Daular tana da mazaunin mulki na biyu, wato Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, kusa da gulbin Rima. Bello ya gina ta a matsayin ribaɗi, garin tsaron iyaka, saboda Gobirawa ba su ajiye makamai ba. Ya gwammace zama a bakin daga a kan jin daɗin birni, a can kuma ajali ya same shi a 1837. Hubbarensa na nan har yau. Ɗansa Aliyu Babba ma ya fi zama a Wurno, a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. Abin mamaki, yau an fi ambaton Wurno da albasa da tafarnuwa, alhali daga nan aka taɓa aika umurni zuwa Kano da Adamawa.

Rabah tana maƙwabtaka da Wurno, ita ma gidan zuriyar Bello ce. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba daga nan ya samo laƙabinsa. Jikansa, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a garin aka haife shi, ya kuma zama hakiminsa a 1934, shekara ashirin kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa.