Filin Tsohuwar Haƙar Kuza: Yadda Yanayi Ke Wasa Da Danshin Ƙasa



Yau zan yi magana ne da masu shirin karɓar fili a wuraren da aka taɓa haƙar kuza, irin su Bukuru da Barkin Ladi a jihar Filato. Ni ma a irin wannan fili na fara, kuma na sha wuya kafin na gane kansa.

Lokacin haƙa, ƙasar sama mai taki ita ake binnewa. Ko an cike ramin an baje, abin da ke sama iri biyu ne: yashi da tsakuwar da aka wanke kuza aka bari, ko yumɓun da ya danne ya yi tauri.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, ruwa kan zuba sosai. A kan yumɓu gangarewa yake yi, sama kawai ke jiƙa. A yashi kuwa zurarewa yake ya wuce inda saiwa take. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, sai ka ga shukarka ta yi yaushi, ta maƙwabcinka mai ƙasar asali tana nan shar.

Hunturu ma mayaudari ne. Sanyin Jos zai sa ka ɗauka ƙasa ba ta bushewa, alhali busasshiyar iskar nan tana tsotse danshi dare da rana. Bazara ta zo ta ƙarasa.

Nan na yi kuskure. A watan Agusta na haƙa kududdufi, na ga ya cika taf, na zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ashe ruwan damina ne ya ɗago. Kafin Janairu ya janye, dole na sayar da kifin tun bai kai ba. Wallahi ko kuɗin abinci ban mayar ba.

To ga abin da nake yi yanzu:

1. Ina tona ƙasa kamu ɗaya in dunƙule ta a hannu. In ta warwatse, tana son ruwa, ko da sama ta nuna laima.
2. Kashin kaji da ya ruɓe, haɗe da buntun shimfiɗarsu, shi ke sa yashi riƙe ruwa. Ɗanye kam ƙona shuka yake.
3. Ina rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa tun Oktoba.
4. A yashi, ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Ruwan da na sauya wa kifi ma gona yake tafiya.
5. Kududdufi da rani ake gwada shi. In bai riƙe ruwa ba, shimfiɗa tamfol.

Don Allah kafin ka biya kuɗin fili, je ka gan shi a watan Maris, ka ɗan tona da hannunka.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, amin.