Teburin kallon rana a tashar Skylab

A ranar 14 ga Mayu 1973 ƙasar Amurka ta harba Skylab, tasharta ta farko a sararin samaniya. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan tashar shi ne nazarin rana, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken ultraviolet da na X-ray, wanda masana suka fi bukatar gani. An ɗora wa tashar wani rukunin na'urorin hangen nesa guda takwas, wanda ake kira Apollo Telescope Mount.

Na'urorin suna waje, amma ana sarrafa su daga ciki, a wani tebur mai allon talabijin biyu da maɓallai masu ɗimbin yawa. Ɗan sama jannati yana kallon fuskar rana a allo, sai ya juya na'urorin da wani ɗan sanda na hannu zuwa inda yake so. Dalilin sa mutum a wannan wuri shi ne fim. Yawancin na'urorin a kan fim suke ɗaukar hoto, fim kuwa ƙidayayye ne, ba a kuma canza shi sai an sa rigar sama an fita waje. Saboda haka dole a sami mai ido da zai san lokacin da ya dace a kashe fim.

Inda masu zanen suka yi tuntuɓe shi ne jikin mutum. Sun tsara teburin kamar na ma'aikacin ofis, har da kujera. Amma inda babu nauyi, jiki ba ya zama, ba ya kuma miƙewa sosai. Idan mutum ya saki jikinsa, gwiwoyi suna ɗan lanƙwashewa, kafaɗu su ɗaga, hannaye su yi iyo a gaba, kai ya sunkuya. Zama a kujera sai ya koma aiki, domin tsokar ciki ce ke riƙe mutum a lanƙwashe. 'Yan sama jannatin sun fi son su maƙale ƙafafunsu a wani dandamali, su yi aiki kusan a tsaye. Daga hotunan da aka ɗauka a Skylab ne hukumar NASA ta auna wannan yanayin jiki, ta sa shi cikin ƙa'idojin zanen wuraren aiki na tashoshin da suka biyo baya.

Duk da haka teburin ya biya bukata. Ayari uku suka zauna a tashar, na kwana 28, da 59, da 84, suka dawo da hotunan rana fiye da 150,000. A ranar 21 ga Janairu 1974, Edward Gibson, wanda ya daɗe yana gadin wani wuri mai zafi a fuskar rana, ya ga haske ya fara ƙaruwa, nan take ya kunna na'urorin, ya ɗauki fashewar wutar rana tun daga somawarta. Tashar ta faɗo a Yuli 1979, tarkacenta ya warwatsu a tekun Indiya da yammacin Ostareliya.