Fitila Mai Kunna Kanta: Abin Da Ya Kamata Magidanci Ya Sani Kafin Ya Saya

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kontagora bayan sallar isha'i a 'yan shekarun nan, ba zai rasa yin kiciɓis da wani sabon al'amari ba. Mutum na cikin tafiya a lungu mai duhu, yana isowa ƙofar wani gida sai fitila ta kama da kanta ta haske shi, in ya wuce kuma ta mutu, alhali ba wanda ya taɓa makunni. Asirin abin wata 'yar na'ura ce da ke maƙale a jikin fitilar, wadda masu sayar da kayan wuta ke kira sansa, watau na'urar jin motsi.

Dalilin da ya sa magidanta suka rungumi wannan abu ba ɓoyayye ba ne. Jihar Neja ce gidan manyan madatsun ruwa masu ba ƙasar nan wuta: Kainji da aka gama a 1968, da Shiroro a 1990, da Zungeru a 2023, ga kuma ta Jebba can kan iyaka da Kwara tun 1985. Amma duk da haka garin Nagwamatse ya daɗe da sanin ma'anar ga ƙoshi ga kwanan yunwa. An yi zamanin NEPA, an yi na PHCN, a 2013 kuma rabon wutar jihar ya koma hannun kamfanin rarraba wuta na Abuja, amma ɗauke wuta bai zama labari ba. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tada janareto kowane dare ya gagari mutane da yawa, sai aka koma ga sola da batir. To, wanda ke tara wutarsa a batir, tamkar mai ajiye ruwa ne a randa, ba ya son ko ɗigo ya zuba a banza. Ga kuma halin tsaro da ya sa kowa ke son ya san abin da ke motsi a bayan katangarsa.

Sai dai na'urorin nan iri-iri ne, kuma galibi an ƙera su ne domin gidaje da yanayin wasu ƙasashe. Wanda ya saya don kyan kwali kawai, ya kan tarar da fitilar da ke kamawa saboda akuya, ta ƙi kamawa saboda ɓarawo.

Mai Jin Ɗumin Jiki

Irin da ya fi yawa a kasuwa, ya kuma fi araha, shi ne wanda ake rubuta wa haruffan PIR a kwali. Ana gane shi da wani farin ido na roba mai tsaga-tsaga. Tun a 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya gano cewa akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda duk abu mai ɗumi ke fitarwa. Wannan haske shi ne na'urar ke tsinkaya. Farin idon nan yana yanka filin da ke gabansa kashi-kashi, idan jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wani kashi zuwa wani, sai na'urar ta kunna fitila. Yawancinsu suna kai mita 10 zuwa 12.

Daga wannan bayani ake fahimtar halayensa. Ya fi jin wanda ya gilma ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, saboda haka a gefen hanya ake kafa shi, ba a ƙarshenta ba. Ba ya gani ta cikin gilashi, balle bango. Sa'an nan wanda ya zauna shiru ya ɓace masa.

Babban rauninsa kuwa a ƙasa irin ta Kontagora shi ne bazara. Na'urar ba ta san mutum ba, bambanci kawai ta sani tsakanin ɗumin jiki da ɗumin abin da ke bayansa. Fatar ɗan Adam tana wajen digiri 33. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40, katangar siminti ta kan yini tana shan rana, ta kai dare tana huci. Mutumin da ya bi ta jikin wannan katanga ya kusa zama ɗaya da ita a idon na'urar, sai nisan da take kaiwa ya ragu ƙwarai. Shi ya sa fitilar da ta yi aiki lafiya lau da sanyin hunturu ta kan zama kamar makauniya da bazara, mai gida ya ɗauka ta lalace. Maganin abin shi ne a kafa ta kusa da inda ake son tsarewa, kada a dogara da nisan da aka rubuta a kwali, kuma kada a fuskantar da ita ga bangon yamma da rana ke gasawa, ko murhu, ko bututun hayaƙin janareto.

Mai Aiki Irin Na Rada

Iri na biyu ba ruwansa da ɗumi. Shi yana watsa raƙuman rediyo ne marasa ƙarfi, ya saurari dawowarsu. Idan suka bugi abin da ke motsi, sai su dawo a sauye, kamar yadda ƙarar mota ke sauyawa a kunne sa'ad da take tahowa da sa'ad da ta wuce. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842. Zafin bazara ba ya makantar da wannan na'ura, ƙura ma ba ta cika damunta ba.

Amma fa ita ma da nata aibin, domin jinta ya yi yawa. Raƙuman nan suna ratsa zana da katako da gilashi da labule, har da siririn bango. Idan aka kafa ta a zauren da ke bakin titi, kowane ɗan acaɓa da ya wuce sai ya kunna fitila. Reshen darbejiya da iska ke kaɗawa, da fanka, da ruwan sama mai ƙarfi, duk motsi ne a wurinta. Ƙarfe kuwa tare raƙuman yake yi ya mai da su, don haka ba a ɓoye ta bayan ƙofar ƙarfe ko kwanon rufi. Akwai wani sabon samfurinta mai tsananin ji, wanda ke gane ko da numfashin wanda ke zaune, sai dai ya fi tsada. Akwai kuma wadda aka haɗa iri biyun a jikinta, ba ta kunnawa sai duka sun amince, wannan ita ta fi ƙarancin ƙarya.

Kowane Wuri Da Abin Da Ya Dace Da Shi

Gidan Bahaushe ba ɗaki ɗaya ba ne, kuma kowane sashe da irin zirga-zirgarsa. A ƙofar gida da bayan katanga mai jin ɗumi ya fi dacewa, a kafa shi sama da ƙasa kamar mita 2 zuwa 2 da rabi, a sunkuyar da shi yadda zai tsaya kan dokin ƙofa, ya bar titi. Idan har yanzu yana kama masu wucewa, ana iya manna 'yar leda baƙa a gefen idon da ke kallon hanya.

Tsakar gida ta fi wuya, saboda turke. Akuya da tunkiya da kare duk masu ɗumin jiki ne, galibin na'urorin nan ba su san bambancinsu da baƙo ba. A nan sai a juya wa dabbobi baya, a fuskanci hanyar da ke tsakanin ɗakuna da bayan gida da wurin randa. Wannan 'yar hanya ita ce mafi muhimmanci a gidan duka, domin a kanta ne dattijo ke fita alwalar asuba, a kanta ne yaro ke taka kunama, da damina kuma a kanta ake gamuwa da maciji.

A cikin bayan gida, inda mutum kan tsuguna ba motsi, mai jin ɗumi ya kan bar shi a duhu, sai dai a tsawaita masa lokaci zuwa minti 5 ko fiye. Ɗakin kwana da wurin karatu da inda ake salla kuwa, makunnin hannu ya fi musu. Ba mai son fitila ta mutu masa yana tsakiyar karatun Alƙur'ani, ko ta kama don ya juya a kan gado.

Lissafin Riba

Fitilar waje mai wat 30, idan ta kwana a kunne daga ƙarfe 7 na dare zuwa 6 na safe, awa 11 ke nan, ta ci wat-awa 330, kusan yunit 10 a wata. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma in irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata a sha don ya yi ƙarko. Ashe fitila ɗaya ta cinye fiye da rabin abin da ya kamata a sha. Idan aka sa mata na'ura, ta kama jimlar awa ɗaya a dare, ko an haɗa da abin da na'urar kanta ke ci, wajen wat 1 dare da rana, duka bai kai 60 ba. Amma ƙaramin ƙwai mai wat 5 ko ya kwana a kunne 55 kawai zai ci. Sa masa na'ura don tsimi wahala ce ba riba, sai dai don jin daɗi.

A Gaban Mai Kanti

Abu na farko da za a tambaya shi ne daga ina fitilar za ta sami wuta. Wadda ke kan layin kamfani kaɗai tana mutuwa ne daidai lokacin da unguwa ta yi duhu, watau lokacin da aka fi bukatarta. Gara mai faranti da batirinta, ko wadda za a haɗa da inbata. In mai batirin kanta ce, a tabbata ana iya buɗewa a sake batirin, domin shi ke fara mutuwa.

Na biyu, a nemi mai maɓallan saiti uku: na lokaci, mai hoton agogo, na haske, mai hoton rana da wata, wanda ke hana ta kamawa da rana, da na ƙarfin ji. Na uku, ta waje ta kasance mai lambar IP65, ma'ana ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya shiga. Mai IP44 sai a ƙarƙashin rumfa. Na huɗu, a duba yawan wat ɗin da aka yarda a ɗora mata na ƙwan LED, domin ya kan gaza na tsohon ƙwai nesa. Haɗin kuma a bar wa ƙwararren mai wayarin, ya sa abin kare kaya daga bugun wuta, tunda dawowar wuta da ƙarfi takan ƙona na'urorin nan. Araha ba ta ado, an ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Bayan an kafa, sai a gwada da dare, a bi kowace hanya da ƙafa, a sake gwadawa idan bazara ta shigo. Da hunturu a riƙa goge idon da tsumma mai laushi, a share saƙar gizo-gizo. Wata shawara kuma ita ce kada hasken ya faɗa tsakar gidan maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ya girmi lantarki. Lalle ne kuma a tuna fitila ba ta kama ɓarawo, tona masa asiri kawai take yi. Sakata mai ƙarfi, da maƙwabcin da zai leƙo idan ya ga haske ya kama a tsakar dare, su ne ke ƙarasa aikin.