Masu harhaɗa inji da iyakar ƙarfe

A Amurka da Japan akwai makanikan da lafiyayyar mota ake kawo musu. Mai ita yana son ƙarfin injinta ya ninka biyu ko uku, kuma ya ci gaba da hawanta zuwa wurin aiki, ya shiga cunkoso da ita kamar kowa. Fistin da kwanrod da turbo duk kuɗi ne ke sayo su. Abin da ke hana waɗannan ƙwararru barci shi ne bulok, gangar jikin injin da komai ke ɗaure a kanta, domin kowane bulok yana da inda yake sarewa, kuma sanin wannan wurin shi ne rabin sana'ar.

Injin Ford 302 na motar Mustang ta ƙarshen shekarun 1980 ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 225. An zuba ƙarfensa siriri don a rage nauyi da tsada, kuma noti biyu ne kacal ke riƙe da kowane mazaunin kiranshaf. Idan aka matsa masa zuwa wajen doki 500, tsaguwa kan fara daga mazaunin nan ta hau sama, har bulok ya rabe gida biyu. Injin Toyota 2JZ-GTE na motar Supra ta 1993 kuwa wani abu ne daban. Silinda shida a jere, lita 3, ƙarfen zubi mai kauri, mazaunin kiranshaf bakwai, samansa a rufe ya riƙe bangon silinda gam. Da doki 320 aka sayar da shi a Amurka, amma masu harhaɗawa sun sha wuce 1,000 a kan bulok ɗin kamfani bayan sun sauya kayan ciki. Shi ya sa har yau ake rububin tsohonsa.

Aikin da ya fi burge ni ana yin sa ne kafin a fara haɗa injin. Za a wanke bulok tas, a sa masa maganaɗisu, a barbaɗa garin ƙarfe. Duk inda akwai tsaguwar da ido bai gani, garin zai taru a kanta ya ja layi. Alminiyam ba ya jin maganaɗisu, sai a shafa masa rini mai shiga kowace ƙofa. Daga nan a ɗora na'urar auna kauri a bangon kowace silinda, gefe da gefe, don wurin zubi ƙarfe kan karkata, wani ɓangaren ya fi wani siranta. Lokacin goge ramin silinda ma sai an ɗaure wani faifan ƙarfe mai kauri a saman bulok, a matse shi daidai yadda za a matse kan injin, saboda matsin noti yana ɗan murɗa ramin. In an goge shi a sake, da an haɗa inji sai ringi ya ƙi zama. Tazarar da ake bari tsakanin kiranshaf da metal ba ta wuce kaurin silin gashi.

Duk da haka, yawan doki ba shi kaɗai ke kashe bulok ba. Idan mai ya kama da wuta ba kan ƙa'ida ba a cikin silinda, matsin kan yi tsalle farat ɗaya, kuma inji mai doki 400 da aka saita da ganganci zai iya bugawa ya bar mai 700 yana tafiya lafiya. Nan ne nake ganin girman mai sana'ar da ke iya duban mai mota, da kuɗinsa a hannu, ya ce masa wannan bulok ba zai ɗauka ba.

Dabarun ƙarfafawa suna nan. Injinan Honda na alminiyam masu buɗaɗɗen sama ana huda su a sa musu sabon silif na ƙarfe, irin wanda kamfanin Darton ke yi. Wasu kan cika hanyoyin ruwan bulok da wani abu mai daskarewa kamar siminti don bango ya daina motsi. Ga motar tsere da ke gudun daƙiƙa goma ta tsaya, wannan ba laifi. Motar titi kuwa tana buƙatar ruwan nan, in ba haka ba za ta yi zafi a cunkoso, don haka iyakarta a cika rabi. Wanda ya nace sai ya wuce nan, akan tura shi ya sayi sabon bulok mai kauri daga kamfani irin su Dart, sannan ya dawo a fara awo daga farko.