Tsoffin masana'antun Bahri: a rushe ko a mayar da su gidaje?

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bar masana'antu da yawa kango a Bahri, tsallaken Kogin Nilu daga Khartoum da Omdurman. Yanzu da jama'a ke komawa, maganar kowa ita ce wurin kwana da kuɗin haya.

Mun ga abin da ya faru da Naƙal Nahri, tsohon wurin gyaran jiragen ruwa na Bahri. Filin ya koma hannun kamfanin Qatari Diar don aikin Mushaireb, na dogayen benaye da kantuna. To, wane malamin makaranta ne albashinsa zai kai shi can?

A Vienna ta ƙasar Ostiriya kuwa, rumbunan iskar gas huɗu da aka gama a 1899 ba a rushe su ba. A 2001 aka mayar da su gidaje da shaguna da ɗakunan ɗalibai, bangon bulon na nan daram.

Ina da ɗaliban da ke kwana su bakwai a ɗaki guda. Duk ginin da injiniyoyi suka tabbatar da ƙarfinsa, a yi shagunan teloli da masu tsire a ƙasa, ɗakunan haya masu rahusa a sama.