Hattara da Jabun Wayar Salula: Abin da Ya Same Ni a Makka

Na daɗe ina jin kunyar ba da wannan labari, domin mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a Makka bai kamata a ce an yi masa irin wannan sakiyar ba. Amma da na ji an sake yi wa wani maƙwabcinmu a Sharar Mansur irinta, sai na ga shirun nan da muke yi shi ne jarin 'yan damfara. Don haka ga abin da ya faru da ni, ga kuma abin da na koya daga baya.

Yadda abin ya faru

A shekarar 2023, ana saura 'yan makonni alhazai su fara komawa gida, 'yata da ke karatu a Kano ta roƙe ni waya. Na yi niyyar in ba wani ɗan uwa da ya zo aikin Hajji ya kai mata tsaraba. Ina dubawa a ɗaya daga cikin shafukan intanet da mutane ke tallar kayansu, sai na ga iPhone 14 Pro Max sabuwa dal cikin kwalinta a kan riyal 2,500, alhali a shago ta haura riyal 4,000 nesa ba kusa ba. Mai tallar ya ce kyauta aka ba shi a wurin aiki, kuɗin haya ne suka taso masa. Muka yi ciniki ta WhatsApp, muka daidaita a kan 2,200.

Ya ce mu haɗu bayan sallar isha'i a gefen wani gidan mai a unguwar Aziziyya. Ya zo a mota, ko kashe ta bai yi ba. Ya miƙo kwali a naɗe da leda, har da takardar shaidar saye, wadda nan ake kira fatura. Na ce zan buɗe, sai ya ce, "Ya Hajji, in ka yage ledar ka fasa saye, wa zai saya a hannuna?" Maganar ta yi mini kama da gaskiya. Na ɗauki lambar da ke bayan kwalin na duba a shafin kamfanin Apple, ta nuna wayar tasu ce, garantinta bai ƙare ba. Na ƙirga masa kuɗi, ya ja mota.

Da na isa gida, ɗana ne ya kunna ta. Bai yi minti biyar ba ya ɗago kai ya ce, "Baba, an cuce mu." Ya taɓa App Store, sai Play Store ta buɗe, wato cikin wayar Android ce aka yi wa kwalliya ta yi kama da iPhone. Na kira lambar mutumin, a kashe. Washegari na kai ta wurin wani mai gyara, matashi ɗan ƙasa daga zuriyar Hausawan da kakanninsu suka zo tun da daɗewa. Ya buɗe bayanta ya nuna mini, cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci: "Kawu, duba, kyamara uku ne a waje, ɗaya ce kawai ke da waya a ciki. Sauran biyun gilashi ne." Ya ce ko riyal 300 ba ta kai ba.

Me ya sa lambar ta nuna gaskiya?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai, kuma a nan ne yawancinmu ke faɗawa. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, da kuma lambar da kamfani ke ba ta. Masu ƙera jabu sukan kwafi lambar wata waya ta gaskiya su buga ta a kan kwalaye masu yawa, su kuma sa jabun ta riƙa nuna wannan lamba a fuskarta. In ka duba a shafin kamfani, zai gaya maka gaskiya ne game da wata waya da ke hannun wani a wata ƙasa, ba wadda ke hannunka ba. Haka leda da fatura: injin naɗe leda ba shi da tsada, takarda kuwa kowa na iya bugawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan ciniki na gefen titi ya yawaita. A shekarar 2016 gwamnatin Saudiyya ta keɓe sana'ar sayar da wayar salula da gyaranta ga 'yan ƙasa kaɗai, aka fara da rabin ma'aikata a watan Yuni, aka cika a watan Satumba. Mai shago yana da rajista da adireshi, ana iya komawa wurinsa. Wanda ba ya son a san inda yake sai ya koma talla ta intanet, inda lamba ɗaya da hoto suka ishe shi.

Ire-iren cutar

Ta farko ita ce jabu tsantsa, irin tawa. Ta biyu ita ce wadda aka sauya wa riga: a ɗauki tsohuwar iPhone XR ta 2018 a sa ta cikin gangar jikin 13 Pro ko 14 Pro. Wannan ta fi wuyar ganewa domin cikinta na Apple ne na gaskiya, kuma duk wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ya san irinta. Ta uku ita ce wayar sata ko wadda ke kulle da asusun iCloud na mai ita. Ranar da ka goge ta don ka sa naka, sai ta nemi kalmar sirrin wancan, ta zama dutse. Ta huɗu ba waya ma a cikinta: a ce ka tura kafin alƙalami ta banki, wanda Larabawa ke kira arbun, don a ajiye maka, daga nan a rufe layi.

Kada kuma a ɗauka asarar kuɗi ce kaɗai. A nan ƙasar wayarka ita ce Absher ɗinka, ita ce Nafath, ita ce Nusuk, ita ce bankinka. A shekarar 2025 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya ba da rahoton samun jabun wayoyin Android da aka dasa wa manhajar sata mai suna Triada tun kafin su isa hannun mai saye, wadda ke iya karanta saƙonni da ƙwace asusun mutum. Da na sa layina cikin waccan waya, Allah kaɗai Ya san inda asarar za ta tsaya.

Abin da za ka yi kafin ka biya

1. Kada ka biya kuɗin kwali a rufe. Wanda ya hana ka buɗewa, ka bar masa kayansa.

2. Ku haɗu da rana, a kasuwar waya, gaban mai gyaran da kai ka zaɓa. Riyal ashirin ko talatin da za ka ba shi ya duba ba asara ba ce. Mai gaskiya ba ya gudun wannan.

3. Danna *#06# ka ga ko lambar IMEI ta yi daidai da ta kwali, amma ka sani wannan kaɗai ba hujja ba ce.

4. In iPhone ce, buɗe App Store ka shiga da asusunka na Apple, ka gwada FaceTime. Jabu ba ta iya waɗannan. Sannan ka shiga wurin bayanin waya ka karanta sunan samfurinta: wadda aka sauya wa riga za ta rubuta XR ƙarara. Harafin farko na lambar samfuri ma yana magana: M sabuwa ce, F kamfani ne ya gyara ta, N musanya ce.

5. Rufe kyamarorin ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana sauya nisan hoto, ka ga ko kowacce na aiki.

6. In ta hannu ce, mai ita ya fita daga asusunsa ya goge ta a gabanka, kai kuma ka kunna ta daga farko.

7. Fatura ta gaskiya daga shago tana ɗauke da lambar harajin shagon da alamar QR, tun da aka wajabta fatura ta na'ura a watan Disamba na 2021. Ana iya duba alamar da manhajar hukumar zakka da haraji.

In an riga an cuce ka

Kuskurena na biyu ya fi na farko: kunya ta sa na yi mako biyu ban gaya wa kowa ba. Kafin in motsa an cire tallar, ban ɗauki hotonta ba, ban kuma rubuta lambar motarsa ba. Da na je kai ƙara, ba ni da abin nunawa sai lambar da ke kashe. Kuɗina ba su dawo ba har yau.

Kai kada ka yi haka. Ɗauki hoton talla da hirarku tun kafin ku haɗu. In shago ne ko kamfani, kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900 ko ka yi amfani da manhajarta ta Balagh Tijari. In mutum ne kawai, je ofishin 'yan sanda na unguwarku ko ka shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn. In ta banki ka tura, sanar da bankinka nan take. Doka ba ta wasa da wannan: dokar hana algus a kasuwanci ta 2008 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar da ta kai riyal miliyan 1, dokar damfarar kuɗi ta 2021 kuwa ta kai shekara 7 da riyal miliyan 5.

Na san akwai 'yan uwanmu da iƙamarsu ta ƙare ko ba su da ita, waɗanda ba za su iya tunkarar hukuma ba. Macuta sun san da haka, shi ya sa suke son mu da baƙin alhazai masu shirin tashi. Wanda ke cikin wannan hali kada ya yi irin wannan ciniki shi kaɗai. Ya sa ɗan uwa mai takarda ya saya masa a shago da sunansa.

Wani ya ba ni shawara in sa wayar cikin kayan tsaraba, ko in sayar wa wani alhaji in rage asara, wai ba zai gane ba sai ya sauka Kano. Na ce a'a. Abin da ya ƙona mini rai ba zan ɗora wa baƙon Allah ba, kuma addininmu ya haramta algus. Tana nan cikin akwatina, duk wanda ke son ya ga yadda jabu take ya same ni bayan taronmu na wata in nuna masa. 'Yata kuwa na saya mata Samsung mai matsakaicin kuɗi a shago, da fatura da garanti, tana amfani da ita lafiya.

Magabata sun ce araha ba ta ado. Ina roƙon iyaye su karanta wa yara wannan, domin su ne suka fi mu shiga waɗannan shafuka. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya shirya masu wannan hali, amin.